Uku Cif, In Ji Ɗan Gwangwan

Ranar 1 ga Janairun 2019 kamfanin Netflix ya saki wani shiri mai kashi takwas, inda wata 'yar Japan mai suna Marie Kondo take shiga gidajen Amurkawa da tafinta a bayanta, ta durƙusa ta gaida gidan, sannan ta sa masu shi su zazzage duk tufafinsu a kan gado. Kafin watan ya ƙare, shagunan da ke karɓar kayan sadaka a Amurka sun fara kukan kaya sun yi musu yawa. Shekaru bayan haka sai ga guntayen shirin sun faɗo wayar wani magidanci a Kano, wato mai wannan shafi. Daga nan za a riƙa ce masa gogan naku, domin abin da ya faru ranar Asabar ɗin da ta wuce bai bar masa fuskar cewa "ni" ba.

Tsarin matar ba shi da wuyar ganewa. Littafinta ya fito a Japan a 2011, aka juya shi zuwa Turanci a 2014, a 2015 kuma mujallar Time ta sa ta cikin mutum ɗari mafiya tasiri a duniya, duk a kan gyaran ɗaki. Ta ce kada a bi gida ɗaki-ɗaki, a bi kaya iri-iri: tufafi da farko, sai littattafai, sai takardu, sai tarkace, sannan abubuwan da mutum ke ajiyewa don tunawa da wani. Kowane iri a tara shi wuri ɗaya, a ɗauki abu da hannu a ji ko ya faranta rai. In ya faranta, a ajiye. In bai faranta ba, a yi masa godiya a kan hidimar da ya yi, a sallame shi. Godiyar nan ta samo asali ne daga addininsu na Shinto, wanda ita Kondo ta yi shekaru tana hidima a wani wurin ibadarsa. A ƙasarsu da tabarma ake auna ɗaki, kuma ɗaki mai tabarma shida kusan murabba'in mita 10 ne kawai, saboda haka wanda ya tara kaya sai ya rasa wurin miƙe ƙafa.

Gidan gogan naku ya fi haka fili, amma an daɗe ba a iya buɗe ƙofar sito sai da kafaɗa. A ciki akwai fitilun caji da suka mutu tun zamanin Jonathan, da ƙaramin janareton da makanike ya ce a jira shi, da jarkoki marasa murfi, da murafai marasa jarka, da gwangwanayen Nido cike da ƙusoshi, da kaset-kaset ɗin wa'azi da na Shata alhali babu rikoda a gidan, da wata leda mai ɗauke da ledoji. Akwai kuma robobin biki masu hoton ango da amarya, waɗanda wasunsu auren ya mutu robar tana nan daram.

Ya taɓa gwada tsoratar da uwargida da labarin wasu 'yan'uwa biyu, Homer da Langley Collyer, da aka samu gawarwakinsu a gidansu na unguwar Harlem a birnin New York a 1947. An fitar da tarkace sama da tan 100 daga gidan, har da fiyano 14, kuma Langley tarkon da ya ɗana wa ɓarayi da kayan ne ya rufto masa. Uwargida ta saurara har ƙarshe tana tsintar shinkafa, ta ce, "Fiyano goma sha huɗu? Mu ko ɗaya ba mu da shi. Ashe da sauranmu."

Ranar Asabar ta kwashi yara suka tafi wunin biki a Ɗorayi. Ƙurar adaidaita sahunsu ba ta kwanta ba gogan naku ya naɗe hannun riga.

Nasa kayan ba su ɗauki lokaci ba. Kaftanin da ya ɗaga duk ya faranta masa rai, huluna ma haka. Ya ɗan tsaya a kan wata kwat da ya saya a wajen 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai, ya tuna cewa tabbas wani Bature ya riga ya yi mata godiya ya sallame ta, aka ɗaure ta a dila aka hau teku da ita. Irin waɗannan diloli ne ke kai tufafi kusan miliyan 15 kowane mako kasuwar Kantamanto a Accra, bisa ƙiyasin ƙungiyar Or Foundation, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari a bola suke ƙarewa. Abin da aka kora sau ɗaya ba a sake kora, sai ya mayar da ita ma'ajiyarta. Da ya ga a ɓangarensa babu abin sallama, sai ya juya wajen sito, daga sito ya zarce ɗakin uwargida.

Ita Kondo ta gargaɗi masu bin ta a kan abu biyu: kada mutum ya taɓa kayan wani, kuma kada ya bari 'yan'uwa su ga abin da zai zubar. Gogan naku yana nan a kan bakansa cewa guntun bidiyon da ya gani bai kai wurin ba, data ce ta ƙare.

Tsakar gida ta cika, kaya suka bi ta soro suka fito ƙofar gida. A Kano kuwa abu uku ne ke fito da kayan ɗakin mace waje da tsakar rana: gobara, tashi, ko mutuwar aure. Babu hayaƙi, babu motar kwasar kaya. Kuma duk wanda ya ga kwalla da fanteka da jeren samira ya san na waye. Uban amarya ne ke yin kayan ɗaki, gwaggonni su je su yi jere, kuma daga ranar sun zama dukiyarta, ba ta miji ba. Su ne asusunta: in ta matsu ta kira dillaliya ta ɗauki saiti ɗaya a juya mata shi kuɗi, in 'yarta ta isa aure ta cire mata wani. Kafin a kira azahar labule ya motsa a gida huɗu, yara sun yi da'ira, almajirai sun ajiye robobinsu sun zauna.

Ɗan gwangwan ya iso da kurarsa da yaronsa da sikelin ratayawa, ba tare da kowa ya aika masa ba. Sana'arsu a kan kilo take: jan ƙarfe ya fi tsada, sai alminiyam, wanda maƙera ke narkarwa su zuba tukwane, sai baƙin ƙarfe a ƙarshe. Ya dubi tulin ya haɗiye yawu.

Bayansa sai ga Alhaji maƙwabci, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, da kujerarsa ta roba a hannu ɗaya da rediyo a ɗayan. Ya kafa kujerar a inuwar darbejiya, ya rage muryar rediyon, ya nemi bayani. Gogan naku ya yi masa, har ya ƙara da labarin wani Ba'amurke mai suna Ryan Nicodemus, wanda ya ɗure duk kayan gidansa a kwalaye, ya riƙa ciro abin da ya buƙata kaɗai har kwana 21, daga ƙarshe ya tarar kashi 80 cikin ɗari ko taɓa su bai yi ba, ya rabu da su.

"To, kwalayen fa?" in ji Alhaji. "Ya ya yi da su? Kwali kuɗi ne, Malam."

Daga nan shawara ta ɓalle. Ta farko, a kama shago a bakin titi a zuba kayan da aka zubar, don kada a neme su a rasa. Ta biyu, a ɗora bene, tunda dai matsalar ta wuri ce. Ta uku ita ce wadda ya fi ji da ita, har ya matso da kujera ya yi ƙasa da murya: gogan naku ya ƙara aure, sai a raba kayan gida biyu. Da aka tuna masa cewa amarya da nata kayan take zuwa, sai ya ce ai shi ya sa ya fara kawo maganar benen.

Bai tsaya a baki ba. Ya hango wata ƙatuwar tukunyar alminiyam, irin wadda ake dafa shinkafar suna, ya nuna ta da sandarsa. "Fara da waccan, ita ta fi cin wuri. Kuma kai ba ka iya ciniki ba, bar ni da shi." Ya tasa ɗan gwangwan a gaba, ya ce sikelinsa na da aljanu, ya sa aka sake aunawa, ya rantse shi ya san farashin ƙarfe tun ana sauke shi a tashar jirgi. Ya samo ƙarin kuɗi kuwa. Aka ɗora tukunya a kura, yaron ya tura ta ya sha kwana, Alhaji ya koma kujera yana huci irin na wanda ya ci nasara.

Sai aka zo kan langar.

Tsohuwar langa ce mai jan fure, bakinta ya ɗan ɓantare. Gogan naku ya tsuguna a bakin soro, ya ba titi baya, ya ɗora ta a cinya. Ya sayi sabuwar data, iyafis na kunnensa yana sake jin yadda ake godiyar. Ya rungumi langar ya jira farin ciki, bai zo ba. Ya rufe ido, ya gyara murya, kuma da yake mai abu a kunne bai san ƙarfin muryarsa ba, duk layin ya ji abin da ya ce.

"Na gode da zaman da muka yi. Kin yi haƙuri da ni, ban taɓa jin kin yi ƙorafi ba. Amma gaskiya yanzu ba na jin komai game da ke a raina. Ki yafe ni. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Ya buɗe ido ya ga inuwa ta rufe shi. Ya waiwaya. Takalman ya fara gani, sau-ciki baƙaƙe da aka goge, sai bakin farar babbar riga, sai carbi da ya daina motsi. Surukinsa ne, mahaifin uwargida, mutumin da tun da aka ɗaura auren bai taɓa wuce bakin soron nan ba, in ya zo sai dai ya aika yaro. Ya fito daga ganin likitan ido ne ya ce bari ya biyo ya ga jikoki. An tabbatar wa gogan naku daga baya cewa dattijon ya yi sallama har sau biyu.

A duba abin da ya gani. Kayan ɗakin 'yarsa, waɗanda ya sayar da shanu ya yi mata, a zube a titi. Jama'a sun kewaye. Mijinta a tsugune, waya a kunne, yana sallamar wata mace da kalaman da kowane Bahaushe ya san inda ake faɗarsu. Langar kuwa jikin gogan ya kāre ta, ba a ganinta ta baya.

Dattijon ya yi salati a hankali. Bai ɗaga murya ba, wanda da ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya dubi ƙeyar surukin nasa ya yi tambaya ɗaya.

"Nawa ne?"

Ɗan gwangwan, wanda a daidai lokacin ya rataya ƙullin murafan tukwane a sikeli, ya ɗauka da shi ake. Ya kanne ido ɗaya ya karanta allurar, ya amsa da murya mai daɗi irin ta mai neman ciniki.

"Uku ne, Baba. Uku cif. Ko ɗigo babu ragi."

Gogan naku ya sake kallon wannan wurin a ransa a kan gado, a banɗaki, a layin shan mai, har a sahun sallar asuba, kuma kullum sai ya tsinci wani sabon abu. Akwai ƙarar carbin da ya faɗi ƙasa. Akwai wata murya daga bayan labule da ta ce "La ilaha illallahu, uku!", da wata daga gida na gaba da ta karɓa ta miƙa. Akwai almajirin da ya ce "Kai!" Akwai rediyon Alhaji da ke ta karanto sanarwar ɗaurin aure. Akwai kuma muryar tafintar Kondo a kunnensa na hagu, tana bayanin yadda ake naɗe safa.

A ce yana da baki, jimla ɗaya ta isa. To amma wace jimla? Mutum ba ya haɗa ido da surukinsa, ba ya yi masa musu, ba ya tsawaita magana a gabansa. Abin da al'ada ta tanadar masa shi ne ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ce "Baba, sannu da zuwa, an zo lafiya?" Hakan ya yi. Da yake a tsugune yake tun farko, sai durƙuson ya zama zama daɓas a cikin wata fanteka, wadda ta yi ƙara kamar an buga gangar tashe. Ya cire hula maimakon iyafis. Sannan, don ya nuna hujja, ya ɗaga langar da hannu biyu ya miƙa wa dattijon, kansa a ƙasa.

Dattijon ya karɓa, ya juya ta, ya gane ta. Ta mahaifiyar uwargida ce, da ita aka yi mata jere, ita kuma ta sa wa 'yarta a nata. Ya ɗauka an fara damƙa masa kayan ne ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "To. Madalla."

Nan Alhaji maƙwabci ya ga ranarsa ta zo. Shi ne mutum ɗaya a duk layin da ya san gaskiyar maganar tun daga tushe, kuma kalma biyar daga bakinsa da sun kashe wutar. Sai dai an taɓo fiƙihu, shi kuwa bai taɓa barin mas'ala ta wuce shi ba. Ya miƙe, ya ba dattijon kujera, ya ce a yi haƙuri, abin bai kai nan ba. A mazhabar Malikiyya dai, in ji shi, uku a zama ɗaya uku ne, babu kome sai ta auri wani. Amma akwai malamai, irin su Ibn Taimiyya, da suka ƙirga shi ɗaya, kuma shi ya san wani malami a bayan kasuwa da ke kan wannan fahimtar, in an shirya yanzu sai a tari adaidaita. Ya ƙara da cewa ko ma dai yaya ne, kuskure ne a fitar da kayan, domin mace a ɗakinta take idda. Ya juyo wajen gogan naku ya ce, "Na gaya maka tun ɗazu, da shagon nan ka kama da duk ba a gani ba."

"Alhaji," in ji gogan naku daga cikin fanteka, "kilo ne."

"Kilo ne, ƙwarai," in ji Alhaji. "Amma ilimi ba ya ɓaci."

Sai da aka kira ɗan gwangwan ya nuna allurar sikeli, aka cire iyafis aka kunna wa dattijon bidiyon, ya ga 'yar Japan a durƙushe tana magana da gida. Ya kalla har ƙarshe da idon da likita ya ɗiga wa magani. Ya dubi langar, ya dubi surukinsa. Fuskarsa ba ta saki ba, sai ma ta ƙara nauyi.

"Wato da kwanon kake magana."

"E, Baba."

"Yana amsawa?"

"A'a, Baba."

Dattijon ya ja Alhaji gefe, amma ba nesa ba, ya tambaye shi ko yaron ya yi zazzaɓi mai zafi kwanan nan, kuma ko akwai irin wannan a danginsu. Alhaji ya ce shi dai bai lura ba, sai dai a fara da rubutu da hayaƙin habbatussauda, in ba a ga sauƙi ba yana da wanda ya sani a asibitin Dawanau. An ji dattijon yana cewa da sakin ne ma, an san inda ake zuwa.

Ana haka adaidaita biyu suka tsaya. Labari ya riga ya isa Ɗorayi ta waya, ya tarar da uwargida da faranti a hannu, don haka ba ita kaɗai ta dawo ba: gwaggonni uku ne da ankonsu, da ƙanwarta mai karatu a jami'a. Uwargida ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta gaida mahaifinta, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta sauke murafanta daga sikeli, ta shiga ƙirga. Ta san kowace roba da bikin da aka samo ta. Jarkokin marasa murfi na ranar da famfo ya ɗauke ne. Fitilun da suka mutu ana cire musu batir. Kaset ɗin na marigayi kawunta ne. Gwaggonni suka mayar da komai mazauninsa suna yi suna waƙe-waƙen jere, don a cewarsu an maimaita musu aiki ba a ba su tukuici ba. Ƙanwar kuma ta tsaya a bakin soro ta karanto wa kowa daga wayarta cewa ita kanta Marie Kondo ta faɗa a Janairun 2023, bayan ta haifi ɗa na uku, cewa gidanta a hargitse yake yanzu kuma ta ɗan saki gyaran, ta fi son zama da 'ya'yanta.

"Uku ne suka gagare ta?" in ji wata gwaggo. "Allah sarki."

Da aka gama ƙirga, abu ɗaya ne tak ya bar gidan. Uwargida ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga murya yadda za a ji a waje.

"Ina tukunyar Hajiya?"

"Wace Hajiya?" in ji gogan naku.

"Hajiyar Alhaji mana. Wadda na aro da sunan Auta. Jibi za ta karɓa, bikin 'yar ƙanwarta ya zo."

Aka nemi ɗan gwangwan, ashe ya sulale tun ana ƙirgar kaya. Alhaji ya kashe rediyo. Ya daɗe yana duban kwanar da kurar ta bi. Sannan ya naɗe hannun riga, ya ɗauki kujerarsa, ya dafa kafaɗar gogan naku.

"Shawarata, Malam, kai za ka shiga ka yi mata bayani. Ka riga ka saba."